Ina feshi duk mako biyu amma lambun lemona sai lalacewa yake yi, ina kuskuren yake?

Mai Lambun Lemo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga noman lemo na kasuwanci, domin halin da lambuna yake ciki ya fara fin ƙarfin abin da na sani. Ina da bishiyoyi kimanin 1,200 a fili da ya ɗan haura hekta huɗu, mafi yawansu lemon zaƙi ne 'yan aure irin Valencia, sai layuka biyu na tanjarin a bakin iyaka. Shekarunsu takwas da dasawa, kuma shekara uku ke nan ina ɗiban amfani mai kauri.

Bara, da na ga tsutsar nan mai zana farar hanya a cikin sabon ganye ta yi yawa, wanda nake sayen magani a wurinsa ya ba ni shawarar in riƙa fesa saifametirin duk bayan mako biyu ba fashi, ya ce da haka babu ƙwaron da zai sake samun wurin zama. Na bi maganarsa wata goma sha ɗaya cur. Yanzu ganyen bishiyoyi da yawa ya yi baƙi ƙirin kamar an shafa masa kunkunniya, idan ka murza da yatsa baƙin yana fita, ƙarƙashinsa kuma yana danƙo. A jikin ƙananan rassa akwai wasu abubuwa masu kama da ɓawon ƙurji, a manne suke ba sa motsi, tururuwa kuwa na hawa da sauka a kansu daga safe har yamma. Fatar 'ya'yan da yawa ta yi ruwan tsatsa, masu saye suna ture su gefe ko da cikinsu lafiya lau yake.

Ban da wannan, da zarar 'ya'yan sun fara sauya launi sai su riƙa zubowa, kuma idan na fasa wanda ya faɗi nakan tarar da wuri mai laushi da fararen tsutsotsi a ciki. A ɓangaren da ƙasa ta yi kwari, bishiyoyi wajen talatin suna fitar da ƙaro a gindi, ɓawonsu yana tsagewa. Akwai kuma wasu 'yan kaɗan da reshe ɗaya ko biyu suka yi rawaya alhali sauran jikinsu kore ne, na ƙara musu taki sau biyu ban ga canji ba.

Shin cuta ɗaya ce take nuna fuskoki daban-daban? In sauya magani zuwa wanda ya fi ƙarfi, ko in haɗa biyu a tanki ɗaya, ko in ƙara yawan abin da nake zubawa? Allah Ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai ka ajiye tankin feshin nan tukuna, domin aƙalla biyu daga cikin abubuwan da ka lissafa feshin ne ya haifar da su, sauran kuma ko da ka ninka maganin sau goma ba zai taɓa su ba. Matsaloli huɗu ko biyar ne a lambunka, kowace da sanadinta.

Bari in fara da baƙin ganye. Wannan baƙin wani fangas ne da ke tsirowa a kan ruwa mai zaƙi da wasu ƙwari masu tsotsar bishiya suke fitarwa, irin darɓar da manoma suka sani. Shi kansa ba ya shiga cikin ganye, sai dai yana tare hasken rana, yana kuma ɓata fatar lemo. Abubuwan da ka gani manne a rassa su ne masu fitar da ruwan: ƙwari ne masu sulke, waɗanda da zarar sun sami wurin tsotsa sukan kafa baki su zauna, su lulluɓe kansu da kwanso mai kama da kakin zuma. Maganin da kake fesawa yana kashe abin da ya taɓa jikinsa ne, don haka yana zamewa ta kan kwanson ya bar mai gidan lafiya. Waɗanda yake samu a fili su ne maƙiyan ƙwaron, wato wasu zanzaro ƙanana da ba su kai ƙwayar gero ba, masu saka ƙwai a cikin jikinsa, da ƙwaron nan mai jan baya da ɗige-ɗigen baƙi wanda shi da tsutsarsa suke cinye su. Ka kwashe wata goma sha ɗaya kana kashe masu gadi kana barin ɓarawo.

Kana iya gwada maganata da kanka. Ka yanko reshe daga lambunka, ka yanko wani daga bishiyar lemon da ba a taɓa fesa wa komai ba, ka duba su da gilashin ƙara girma mai ninki goma. A reshen da ba a fesa ba za ka ga kwansuna da yawa da ƙaramin rami zagayayye a bayansu kamar an huda da allura, wannan ita ce ƙofar da zanzaron ya fito bayan ya cinye na ciki. Idan ka ɗaga kwanson da tsinin allura za ka tarar babu komai sai busasshen ɓawo. A naka kuwa ina kyautata zaton kusan duk wanda ka latsa zai fitar da ruwa, alamar yana raye.

Abin da ya same ka ya taɓa samun manya. A shekarun 1880 wani ƙwaro mai farar auduga a baya, Icerya purchasi, ya kusa durƙusar da noman lemo a Kalifoniya, har aka tura wani masani mai suna Albert Koebele zuwa Ostireliya, asalin ƙwaron, ya aiko da ɗan ƙaramin ƙwaron da ke cinsa a can, wanda ake kira vedalia, a 1888. Cikin shekara guda ko biyu aka shawo kan annobar ba tare da feshi ba, aka zauna lafiya fiye da shekara hamsin. Da aka fara watsa maganin ƙwari na DDT a lambuna bayan yaƙin duniya na biyu, sai maganin ya kashe vedalia, mai farar audugar ya dawo da ƙarfinsa. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Tsatsar fatar lemon ma labarin ɗaya ne. Wasu halittu ne 'yan uwan gizo-gizo, ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganinsu sai da gilashi, suke kankare fatar tun lemon yana ƙarami. An daɗe da sanin cewa magungunan dangin saifametirin suna sa irin waɗannan su hayayyafa, saboda suna share masu cinsu. Lemon da ya riga ya yi tsatsa ba zai gyaru ba, sai dai a kare na gaba.

Ita kuwa tsutsar da ta sa ka fara wannan aiki tun farko, a bishiya mai shekara takwas ɓarnarta ba ta kai ta kawo ba. Tana murɗe sabon ganye, abin ba kyan gani, amma babbar bishiya tana jurewa. A wurin reno da kan dashen da bai wuce shekara uku ko huɗu ba ne ake damuwa da ita, sai kuma inda ake fama da cutar gyambon lemo ta bakteriya, domin raunin da take yi wa ganye ƙofa ce ga cutar.

Shawarata ita ce ka dakatar da feshin kalanda, wato na duk mako biyu ba fashi, gaba ɗaya. Ka datse rassan da ke taɓa ƙasa, ka yi wa cikin bishiyoyin aski yadda iska da haske za su ratsa, sannan ka hana tururuwa hawa ta hanyar naɗa leda ko kyalle a gindi ka shafa danƙon kama ƙwari a kansa, kada ka shafa kai tsaye a ɓawo. Tururuwan nan kiwo suke yi, suna shan ruwan zaƙin suna korar duk zanzaron da ya matso, kuma muddin suna hawa, masu gadin ba za su iya aiki ba ko sun dawo. Inda masu sulken suka yi katutu, ka yi amfani da farin man feshi da aka tanada don itatuwa, wanda ke toshe musu numfashi kuma ba ya barin guba mai daɗewa, gwargwadon yadda aka rubuta a jikin galan. Ka fesa shi da sassafe ko da yamma, a kan bishiyar da ta ƙoshi da ruwa, kada ka fesa cikin tsananin zafi ko kusa da lokacin da ka fesa farar wuta, domin yana ƙona ganye. Lokacin da ya fi tasiri shi ne sa'ad da 'ya'yan ƙwaron suka ƙyanƙyashe suna yawo, kafin su yi kwanso. Kuma ka yi haƙuri, lambun da aka share wa masu gadi yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita, wataƙila ma abin ya ɗan ƙaru kafin ya ragu.

Mai Renon Dashe ta amsa:

Baba Malamin Gona ya gama magana a kan ƙwari, ni zan tsaya a kan bishiyoyi talatin masu ƙaro, domin su ne za ka fara rasawa idan ka yi jinkiri. Wannan ruɓewar gindi ce da Phytophthora ke jawowa, wata halitta mai kama da fangas da ke zaune a cikin ƙasa, wadda irinta ke iyo a cikin ruwa ya bi shi zuwa saiwa da ɓawo. Kasancewar abin ya taru a inda ƙasa ta yi kwari ya isa shaida. Maganin ƙwari ba ruwansa da ita.

Malam, ka je ka durƙusa a gindin ɗaya daga cikinsu ka nemi gaɓar auren, wato inda aka haɗa lemon zaƙin da gindin da ke ɗauke da shi. Ya kamata gaɓar ta kasance sama da ƙasa da kimanin santimita 20 zuwa 30. Abin da na fi gani a lambuna shi ne an zurfafa ramin dashe, ko ma'aikata sun riƙa tara ƙasa da ciyawa a gindi lokacin noma har gaɓar ta nutse, sannan a yi wa bishiya kwano a cika shi da ruwa yana kwana yana jiƙa ɓawon. Ɓawon lemon zaƙi ba ya jure wannan cuta ko kaɗan, shi ya sa tun farko ake ɗora shi a kan wani gindin.

Ka janye ƙasar har saiwoyin sama su kusa bayyana, ka mayar da zoben ban ruwa can ƙarƙashin bakin inuwar bishiyar yadda ruwa ba zai taɓa gindi ba, ka kuma haƙa magudana a wannan kwarin. Sannan ka ɗauki wuƙa mai kaifi ka kankare ɓawon da ya mutu. Za ka ga ƙarƙashinsa ya yi ruwan ƙasa mai duhu, ka ci gaba har ka isa inda ya koma fari-fari mai lafiya, ka ɗan ƙara kaɗan, amma kada ka sassaƙi itacen ciki. Ka shafa kwaɓin magani mai jan ƙarfe a wurin, irin haɗin Bordo da aka samo a gonakin inabi na Faransa tun shekarun 1880, ka wanke wuƙar da ruwan bilic kafin ka matsa zuwa ta gaba. Magunguna irin su metalaksil da fosetil suna taimakawa ƙwarai, amma idan ruwa ya ci gaba da kwanciya, asarar magani kawai za ka yi. Bishiyar da ciwon ya zagaye fiye da rabin gindinta ba kasafai take komawa ta yi amfanin kirki ba, ni dai cire ta nake ba da shawara.

Idan za ka cike gurbi, ka tambayi mai reno a kan wane gindi ya yi auren, wanda ya kasa ba ka amsa kada ka saya a wurinsa. Kowane gindi da baiwarsa da kuma rauninsa. Lemon ɗaci yana jure ruɓewar gindi sosai, shi ya sa duniya ta raja'a a kansa a da, har cutar tristeza, wadda bairas ne da ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta kashe miliyoyin bishiyoyin da ke kansa a Ajantina da Burazil daga shekarun 1930, daga baya kuma a Sifen. Lemon tsami mai kaushin fata yana jure tristeza da fari, yana saurin girma, amma ruɓewar gindi tana cinsa da sauƙi, kuma ba zan yi mamaki ba idan shi ne a ƙarƙashin naka. Gindunan da ake kira Swingle da Carrizo sun fi dacewa da wurin da ake da wannan matsala, sai dai ba sa son ƙasa mai yawan farar ƙasa. Tun ran gini tun ran zane, rabin lafiyar lambun lemo a wurin reno ake yanke ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayaninka shi ne rassan da suka yi rawaya a gefe ɗaya. Ka tsinko ganyen ka duba ko rawayar ta yi daidai a ɓangarori biyu na jijiyar tsakiya, ka kuma yanka lemon da ke kan wannan reshen daga sama zuwa ƙasa ka faɗa mana abin da ka gani.

Mai Lambun Lemo ya sake rubutawa:

Na gode, Baba, na gode, Hajiya. Yau da safe na zagaya da gilashi da wuƙa. Maganar gaɓar aure gaskiya ce, a bishiyoyi da yawa sai da na tona ƙasa kusan taƙi guda kafin na same ta. Kwansunan ma duk wanda na latsa yana da ruwa, ban ga mai rami ko ɗaya ba.

Game da masu rawaya, na ƙirga goma sha huɗu, kuma goma sha ɗaya daga ciki suna layukan bakin iyaka ne, kusa da wani tsohon lambu da mai shi ya daina kula da shi. Rawayar dabbare-dabbare ce, idan na ninke ganyen a kan jijiyar tsakiya, abin da ke dama bai yi daidai da na hagu ba. Ganyen ya yi kauri, jijiyoyin wasu sun kumbura. Na yanka lemo biyar: ƙanana ne, a karkace suke, gefe ɗaya ya fi ɗaya girma, 'ya'yan cikin sun motse sun yi baƙi, ruwan kuma ga tsami ga ɗaci. Wajen hancin ya fara yin ja alhali ƙasan yana nan kore. A kan sabon toho na ga wasu ƙwari masu ruwan toka, tsawonsu bai wuce ƙwayar shinkafa rabi ba, sun kafa kai sun ɗaga baya sama, da na kai hannu sai suka yi tsalle.

Mai Binciken Cututtukan Tsirrai ya amsa:

Malam, ba zan ɓoye maka ba, abin da ka siffanta ya yi kama ƙwarai da cutar da ta fi kowace tayar wa masu noman lemo hankali a duniya, wadda Sinawa suka sa wa suna huanglongbing, ma'ana cutar rawayar toho, ake kuma taƙaita sunan da HLB. Ƙarancin sinadarin zinki ko manganis ma yana sa ganye rawaya, amma nasa zanen yakan yi daidai a dama da hagu kamar fukafukan malam buɗe littafi. Rawaya mara daidaito, da lemo karkatacce mai matattun 'ya'ya, da launin da ke farawa ta wajen hanci, da taruwar abin a bakin iyaka, idan suka haɗu wuri ɗaya abin dubawa ne da gaggawa. Duk da haka ido ba ya yanke hukunci a nan. Ka tsinki ganyen da ke da alamar tare da sandarsa, ka sa a leda cikin sanyi, ka kai wa hukumar kula da lafiyar tsirrai ko cibiyar binciken noma da ke iya gwajin PCR, wato gwajin da ke gano ƙwayar cutar a cikin ganye. A ƙasashe da yawa doka ma ta wajabta a kai rahoton wannan cuta.

Bakteriya ce ke jawo ta, tana zaune a cikin hanyoyin da bishiya ke saukar da abincin da ganye ya sarrafa zuwa saiwa. Idan hanyoyin suka toshe, sitaci ya taru a ganye, saiwoyi kuma su fara mutuwa da yunwa tun kafin a ga komai a sama, shi ya sa takin da ka ƙara bai yi aiki ba. Hanyoyin yaɗuwarta biyu ne: idon aure da aka yanko daga bishiya mai cutar, da kuma ƙwaron da ka gani. Yadda ka ce yana kafa kai yana ɗaga baya siffar Diaphorina citri ce, na Asiya, wanda 'ya'yansa ke fitar da wasu fararen zarurruka kamar kaki a kan toho. Akwai ɗan uwansa na Afirka, Trioza erytreae, wanda ke barin ƙananan ƙuraje a ganye, shi da nau'in cutar da yake ɗauka ba sa son zafi, sun fi yawa a wurare masu tudu da sanyi. Na Asiya kuwa zafi ba ya hana shi.

Abin da ya sa cutar ke da wuyar sha'ani shi ne bishiya takan ɗauke ta watanni, wani lokaci fiye da shekara, ba ta nuna komai ba, alhali ƙwaro yana ɗiba daga gare ta yana kai wa maƙwabta. Idan gwaji ya tabbatar da goma sha huɗu, ka ɗauka akwai wasu da ba su bayyana ba tukuna. Kuma har yau babu maganin da ke warkar da bishiyar da ta kamu. Datse reshen da ya yi rawaya ba ya fitar da ita, domin ta riga ta sauka saiwa.

Wurare biyu sun ishe mu darasi. A jihar Fulorida ta Amurka an ga ƙwaron a 1998, aka tabbatar da cutar a 2005. Manoma da yawa sun ƙi cire bishiyoyin da ke ba su amfani, suka zaɓi ciyar da su da takin ganye suna lallaɓawa, cutar ta game kusan kowane lambu. Jihar da ta tsinki akwatin lemon zaƙi kimanin miliyan 240 a kakar 2003 zuwa 2004 ta dawo ƙasa da miliyan 20 a kakar 2022 zuwa 2023, ko da yake guguwa da sayar da filaye don gine-gine sun taka tasu rawar. Yanzu har allurar oksitetirasaikilin suke yi wa gindin bishiya don rage ƙarfin cutar. A jihar Sao Paulo ta Burazil an gano ta a 2004, manyan gonaki suka ɗauki matakai uku tare: dashe daga gidan reno da aka rufe da raga, cire duk bishiyar da ta nuna alama, da yaƙar ƙwaron a yanki guda a lokaci guda. Ba su rabu da cutar ba, tana ma ƙaruwa a 'yan shekarun nan, amma har yau su ne kan gaba a duniya wajen fitar da ruwan lemo.

A nan zan ɗan saɓa wa Baba Malamin Gona, cikin girmamawa. Duk abin da ya faɗa game da feshin kalanda daidai ne, kuma ka lura wata goma sha ɗaya na saifametirin bai hana ka ganin ƙwaron nan ba, ko dai don ya saba da maganin, ko don sabo na shigowa daga lambun da aka yasar. Amma idan aka tabbatar da HLB, ba za a bar wa masu gadi aikin su kaɗai ba, domin ƙwaro kaɗan ya isa ya yaɗa cuta. Zanzaron Tamarixia, mai kashe 'ya'yan wannan ƙwaro, ya yi aiki mai kyau a tsibirin Reyuniyon a shekarun 1970, sai dai tsibiri daban ne, kuma a manyan yankuna bai isa shi kaɗai ba. Abin da ake yi shi ne feshi mai dalili: ƙwaron a kan sabon toho kawai yake saka ƙwai, don haka ana auna shi gab da fitowar toho da lokacin tohon, ana fi mayar da hankali ga layukan bakin iyaka, ana kuma sauya dangin magani. A jikin galan akwai lambar rukuni, saifametirin 3A ne, imidakulofirid 4A, sifinosad 5, abamektin 6, kuma sauya sunan kamfani alhali lambar ɗaya ce ba sauyi ba ne. Kada a yi feshi bishiya tana fure saboda ƙudan zuma, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka. Bishiyar da za a cire a fesa mata magani tukuna don kada ƙwarin su watse, a kuma kashe kututturen don kada ya yi toho.

Tsohon lambun maƙwabcinka kuwa, in ba a yi wani abu a kansa ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Manomi Mai Shekara Talatin a Lambu ya amsa:

Kowa ya tafi kan manyan cututtuka an bar tsutsar cikin lemo, alhali ita ce ke cin kuɗin Malam a wannan kakar. Ƙudan 'ya'yan itace ne. Macen tana huda fata ta zuba ƙwai lokacin da lemo ya fara nuna, tsutsa ta ci ta ƙoshi, lemon ya faɗi, ta fito ta shige ƙasa, bayan kwanaki ta taso ƙuda. Duk lemon da ka bari a ƙasa gidan reno ka buɗe musu. Ni sau biyu a mako ake tsince mini na ƙasa, a ɗaure a baƙar leda mai kauri a bar ta a rana kwana da kwanaki, ko a binne a rami mai zurfin rabin mita ko fiye. Wannan aiki mai gundura ya fi kowane magani da na taɓa saya amfani.

Tarkon metil yujinol, wato sinadari mai ƙamshin da ke jawo ƙuda, yana da kyau, amma maza kawai yake ja, kuma na jinsin Bactrocera dorsalis, wanda asalinsa Asiya ne, aka fara ganinsa a Afirka a Kenya a 2003. Ƙudan Bahar Rum ba ya kula shi, nasa ƙamshin daban ne. Kada ganin gora cike da matattun ƙudaje ya ruɗe ka, masu huda lemon suna nan. Mata ana kama su ne da abincin furotin da aka gauraya da ɗan sifinosad, a ɗiga a wani ɗan ɓangare na ganyen bishiya duk mako, a sake bayan ruwan sama. Da yake ƙudan ne ke zuwa wurin maganin, masu gadin da Malamin Gona yake magana ba sa cutuwa sosai.

Ina da gyara ɗaya kan maganar tururuwa. A duba wace iri ce kafin a hana ta hawa. Idan baƙaƙen nan ne masu fitowa daga ƙasa, a tare su. Idan kuwa jajayen nan ne masu ɗinke ganye su yi sheƙa a sama, ni ba na taɓa su, duk da cizon da masu tsinka ke kuka da shi. Manoman kudancin Sin sun yi kusan shekara 1,700 suna kiwon irinsu a lambunan lemo, har gadar gora suke sa musu daga bishiya zuwa bishiya. Gaskiya ne su ma suna kiwon wasu masu sulken, amma a layukan da suke da sheƙa a lambuna, lemon da ƙuda ya huda bai kai na sauran wurare ba.

Mai Lambun Lemo ya sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Tururuwan nawa baƙaƙe ne, daga ƙasa suke fitowa, don haka mun fara naɗa gindi. An janye ƙasa daga bishiyoyin kwarin, bakwai daga ciki ciwon ya kusa zagaye su, su kam na haƙura da su. Jiya an cika leda tara da lemon da ya zuba.

Goma sha huɗun nan na shafa wa kowace jan fenti, na kai ganyensu gwaji, an ce in saurari sakamako nan da mako biyu zuwa uku. Na rataya tarkuna masu launin rawaya masu danƙo a layukan iyaka don in san yawan ƙwaron. Na kuma sami ganin mai tsohon lambun, ya ce ba shi da halin cirewa amma bai hana ni ba idan zan ɗauki nauyin aikin, bishiyoyinsa sun kai sittin. Malam mai bincike, kafin sakamakon ya fito, in fesa wa layukan iyaka da nasa lambun magani tun yanzu, ko in jira? Tanjarin ɗin sun fara fitar da sabon toho tun shekaranjiya.